Waƙa a bakin wanda ba mai ita ba

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shekara goma sha takwas ke nan ina rubuta wannan karin magana a allo, ina sa yara su fassara ta zuwa Faransanci su kuma kawo misali, ban taɓa tsayawa na tuhume ta ba, sai a ƙarshen shekarar karatu ta bara waccan, ranar da wata ɗaliba ta ajin ƙarshe na kwalej ta tsaya gabana da salula a hannu, tana neman izinin rera waƙar da ba tata ba.

A nan Dakoro, kamar sauran garuruwa, idan hutun damina ya gabato makarantu kan shirya makon al'adu: wasan kwaikwayo, kacici-kacici, rawar gargajiya, karatun waƙe. Ni aka ɗora wa tsara jerin masu fitowa. Abin da yarinyar ta kawo kiɗa ne zalla, babu murya, na wata waƙar fim ɗin Kano, irin wanda samarin bakin kasuwa ke zuba wa mutane a waya. Tana so a saka kiɗan a lasifika, ita kuma ta ɗora muryarta a kai. Waƙar ta mai jiran wanda ya yi tafiya ne bai dawo ba. Ni kuwa na sani, duk malamai sun sani, cewa yayanta ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, kuma shekara biyu ke nan ba a ji muryarsa ba, ba a kuma ji labarin mutuwarsa ba. Na ce mata, “Ƴata, ranar murna ce fa. Ba ki da wata?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Mushe, ita nika so.” Na ce ta dawo ran Litinin.

A ɗakin malamai na ba da labari. Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa horo a ƙasar Japan, ta hanyar hukumar JICA wadda tun 2004 ta shiga harkar kwamitocin kula da makarantu a Nijar, ya yi dariya ya ce ai wannan shi ne karawoke, kuma can ma waƙoƙin kuka ne dattawa suka fi zaɓa. Maganarsa ta sa na koma na bi diddigin abin, domin mai neman amsar tambayar gida wani lokaci sai ya leƙa gidan maƙwabci.

Kalmar ta haɗa guntaye biyu ne na Japananci: “kara”, wato fanko ko wayam, da “oke”, guntun kalmar da ke nufin ƙungiyar makaɗa. Makaɗa ne babu mawaƙi. An bar gurbin murya a buɗe domin duk wanda ya ga dama. Wani mai haɗa kayan lantarki a Tokiyo, Negishi Shigeichi, ya ƙera irin wannan akwati a 1967, amma wanda sunansa ya fi fita shi ne Inoue Daisuke, makaɗi a gidajen shaƙatawa na birnin Kobe, wanda a 1971 ya fara bai wa masu shaguna hayar na'urar da ake jefa wa kwabo ta saki kiɗa. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, saboda haka dukiyar da ta biyo baya ta wuce shi. A shekarun 1980 aka fara gina ƙananan ɗakuna da ake haya na awa ɗaya ko biyu, mutum ya shiga da abokansa ya rufe ƙofa. A yau har akwai masu shiga su kaɗai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin waƙoƙin da abin ya fara bunƙasa da su. Suna kiran su “enka”. Waƙoƙi ne na rabuwa, na tashar jirgin ruwa da dare, na uwa da aka baro ƙauye, na sanyin arewa, ana rera su da murya mai karkarwa kamar mai haɗiye kuka. Ba daga sama suka faɗo ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1975, jiragen ƙasa na musamman sun yi ta kwaso yara masu shekara goma sha biyar daga ƙauyukan arewacin Japan, da zarar sun gama makaranta, ana sauke su a tashar Ueno ta Tokiyo domin aikin masana'antu da shaguna. Ƴan ci-rani ne, ko da ba su da wannan suna. Su ne suka girma suka zama ma'aikatan da ke ɗaukar makirfo da dare. Babbar zabiyarsu, Misora Hibari, wadda ta rasu a 1989, an san ta da zubar da hawaye a gaban jama'a idan tana rera “Kanashii Sake”, waƙarta ta 1966. Waƙar Japan da ta fi zaga duniya kuwa, wadda Sakamoto Kyu ya fitar a 1961 ta kuma hau kan jerin waƙoƙin Amurka a 1963, labarin mai ɓoye hawayensa ne; amma da yake Turawa ba su jin harshen, sai suka laƙaba mata “Sukiyaki”, sunan wani abincin nama. Ka ce an ɗauki waƙar bege an sa mata suna kilishi.

To, ga tambayar, ya mai karatu. Duk mai hankali gudun baƙin ciki yake yi. Ba wanda ke roƙon Allah ya raba shi da ɗan'uwansa. Me ya sa ke nan mutum zai biya kuɗi, ko ya tsaya gaban jama'a, ya zaɓi baƙin ciki da hannunsa daga cikin jerin waƙoƙi, alhali ga na murna nan birjik? Kuma in ya yi haka, abin kirki ya yi, ko wasa yake da abin da bai kamata a yi wasa da shi ba?

Wanda ya fara tsaya mini a kai malamin Larabcinmu ne, dattijo mai natsuwa wanda ba na raina maganarsa. Bai kawo zancen halacci ko haramcin kiɗa ba, domin ya san wannan gardama ce da malamai ba su gama ba, ba kuma a ɗakin malamai za a gama ta ba. Abin da ya ce ya fi haka nauyi. Ya ce, “Malam, gidansu yarinyar nan haƙuri suke yi. Haƙuri kuwa kamar miki ne da ya fara kamewa. Kai kuma za ka ba ta makirfo ta ɓare shi a gaban gari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.” Ya ƙara da cewa sauran yaran da za su yi ta share ido, ba kukan yayanta za su yi ba, daɗin kiɗa ne zai motsa su, gobe sun manta.

Wannan magana ta biyu tsohuwa ce ƙwarai, kuma wani ɗan Afirka ne ya fi kowa iya faɗinta. Ogustin, haifaffen garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau, ya ba da labari a littafinsa na ikirari, wajen shekara ta 400, cewa yana saurayi a Kartaj ya kamu da son wasan kwaikwayo mai sa kuka, har ya zama ɗan wasan da ya fi sa shi hawaye shi ya fi so. Da ya manyanta sai ya tambayi kansa wace irin tausayawa ce wannan, wadda ba ta kiran mai kallo ya tashi ya yi taimako, sai dai ya zauna ya ji zafi mai daɗi. Jan Jak Ruso, wanda muke karanta wa ƴan lise, ya sake ɗauko zancen a wasiƙarsa ta 1758 kan gidajen wasa. Ya kawo misalin wani azzalumin sarki na tsohuwar Girka da ke ɓuya a gidan wasa don kada a ga yana kuka saboda mutanen tatsuniya, alhali kukan waɗanda ake yankawa kullum bisa umarninsa bai taɓa motsa shi ba. Ra'ayin Ruso shi ne, hawayen kallo biyan bashi ne da kuɗin jabu: mutum ya yi kuka, ya ji kamar ya sauke hakkin ɗan'adam, ya koma gida da zuciya wankakkiya ba tare da ya ba kowa ko dala ba.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da damar yi wa wannan tuhuma dariya, domin an taɓa zaɓar mu a matsayin waƙar kuka. Bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, yunwa ta sauka a 2005. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin ciyar da yara a Maraɗi da nan Dakoro da wasu garuruwa, kuma a wannan shekara kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. An yi watanni ana neman agaji ba a kula ba, sai a watan Yuli da hotunan BBC daga Maraɗi suka zaga duniya. Ina saurayi a lokacin, na ga masu kyamara suna ratsa layin iyaye mata suna neman yaron da ya fi ramewa, kamar mai duba jerin waƙoƙi yana neman wadda ta fi sa kuka. Ba zan yi butulci ba: hawayen nan sun kawo abinci, kuma akwai samari da ƴanmata a ajina yau da ba don shi ba da babu su. Amma na kuma ga yadda aka naɗe kyamarori da kaka ta yi, duniya ta zaɓi wata waƙar. Wanda ya ga wannan ba zai yi saurin yarda da cewa duk hawaye alheri ne ba.

Da wannan tunani na kwana ran Juma'a, na kusa yanke shawarar hana ta. Abin da ya dawo da ni ba littafi ba ne. Sautin injin niƙa ne na bayan gidana, da safiyar Asabar.

Na tashi a gidan da ake niƙa da hannu. Kakata kan durƙusa gaban dutsen niƙa tun asuba, kuma ba ta niƙa shiru. Tana waƙa, da murya ƙasa-ƙasa, waƙoƙin da ba ita ta ƙaga ba, ta gaje su ne daga uwarta. Akwai zancen kishiya a ciki, da nisan gidan uba, da ɗan da ya rasu a goye. Mace ce da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba saboda kunya, ba ta taɓa cewa mijinta ya ɓata mata rai ba. Da wani ya tare ta ya ce, “Iya, me ke damun ki?” sai ta ce lafiya lau. Amma duk gidan na jin waƙar, kakana ma yana ji daga turakarsa, kuma ba wanda zai iya cewa ta yi ƙorafi, domin waƙar ba tata ba ce, ta niƙa ce. A nan na gane cewa aron shi ne amfanin abin. Muna cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan aron kuwa rufewa ce aikinsa. Lulluɓi ne da ke ba mutum damar fita da abin da ba zai iya fita da shi tsirara ba. Haka ƙawayen amarya ke rera mata waƙoƙin rabuwa da gida tana kuka a cikin mayafi, kowa ya san kukan al'ada ne, kowa kuma ya san na gaskiya ne. Yanzu injin ya karɓe niƙa, ya hutar da gwiwoyin mata, Allah ya saka wa wanda ya ƙera shi. Amma ban ji wanda ya tambayi inda waƙar ta koma ba. Ina zaton wani ɓangarenta ya koma cikin salula.

Japanawa da mu mun yi tarayya a nan fiye da yadda nisa zai sa a zata. Su ma mutane ne masu ɗaukaka dauriya da ɓoye abin da ke rai, masu ganin nuna damuwa a fili ɗora wa mutane kaya ne. Ma'aikacin da ba zai iya ce wa abokin aikinsa yana kewar uwarsa ba, yana iya tsayawa ya rera waƙar wani game da uwa, a tafa masa, a ce ya iya, ba a tambaye shi kome ba. Mu ma da muke cewa namiji ba ya kuka, muke gaya wa yaro ya yi ta maza, mu ne muka zauna shekara da shekaru gaban rediyo muna sauraron kuntigin Ɗan Maraya Jos, mutumin da maraicinsa ne ya zama sunansa, da gurmin Haruna Uji. Direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Dakoro da dare yana bin kaset da baki, ba don ya iya waƙa ba ne.

Akwai wani masanin Japan na ƙarni na 18, Motoori Norinaga, likita ne da rana, manazarcin tsofaffin littattafai da dare, ya rasu a 1801. Malaman zamaninsa suna karanta tsohon labarin Genji, wanda wata mace ta rubuta wajen shekara dubu da suka wuce, suna neman wa'azi a ciki. Shi ya ce ba wa'azi ne manufarsa ba. Manufarsa ita ce koya wa zuciya ta motsu da abin da ya cancanci motsa ta, musamman abin da ba ya dawwama. Wannan shi suke kira “mono no aware”. A ganinsa mutumin da bai san wannan motsi ba, mutum ne da ba shi da zuciya, kome yawan dokokin da ya haddace. Wannan amsa ce ga Ruso, ko da su biyun ba su san juna ba. Ruso na ganin tausayi kamar hatsi ne a rumbu, wanda ka ɓarnatar wajen kallo ya ragu wa maƙwabci. Norinaga na ganinsa kamar rijiya, wadda in an daina jan ta take cushewa. A ƙasar da rijiyoyi ke da zurfi irin tamu, ban ga wanda zai ce bai gane wannan misali ba. Sai dai gaskiya ita ce na ga mutanen iri biyu. Na san wanda kukan fim ya ishe shi, na kuma san wadda kukan fim ya sa ta tashi ta je gaida marar lafiya. Waƙa ba ta ba da tabbacin ko ɗaya.

Ran Lahadi na koma wurin malamin Larabci, a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na ce, “Malam, kai ka koya mana cewa Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai aka ba mu a matsayin misalin kyakkyawan haƙuri.” Ya ce haka ne. Shi da kansa ya ƙara da cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, aka nuna masa cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da faɗin abin da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Ya kuma tuna mini cewa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u kan sauraron waƙa, inda yake ganin sauti ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, sai dai ya tono abin da ke kwance. Amma malam bai sakar mini duka ba. Ya ce Gazalin nan ya raba baƙin ciki gida biyu, abin yabo da abin zargi, kuma tsokano baƙin ciki kan abin duniya da ya riga ya kuɓuce, a gida na biyu ya sa shi. Na ce yayan yarinyar bai kuɓuce ba tukuna, ai wannan ne ciwon. Ya yi shiru ya ce, “Wannan kam gaskiya ne. Wanda ya mutu ana yi masa zaman makoki kwana uku, a yi addu'a, a watse. Wanda ya ɓace ba shi da tabarma.”

Wannan magana ta malam ta fi duk abin da na karanta. Al'adarmu ta tanadi wuri domin baƙin cikin mutuwa: gaisuwa, sadaka, takaba. Ba ta tanadi kome ba domin mai jira. Kuma masu jira sun yi yawa a ƙasar nan. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, aka yi zaman makoki na ƙasa. Waɗannan an gan su. Waɗanda ba a gani ba, iyalinsu ba su da ranar da za a zo a ce musu sannu. In aka yi musu gaisuwar mutuwa an yi mugun baki. In aka yi shiru an bar su su kaɗai.

Game da zancen cewa baƙin cikin wani ba ya zama naka kuwa, tarihinmu ma ya ƙaryata shi. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da kuma mijinta Waziri Giɗaɗo. Bellon nan shi ne ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Mu da Birnin Lalle, tsohon mazaunin sarakunan Gobir, ke cikin yankinmu, ba mu ne dangin mamacin ba. Kakannin da yawa daga cikinmu suna ɗaya ɓangaren ne. Duk da haka mai hankali a cikinmu ba ya jin marsiyyar mace ga ɗan'uwanta ya ce wannan ba ruwansa. Haka makafi ke bin ƙofofi suna rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, ba su suka tsara ta ba, amma ba na zaton akwai wanda zai rantse ta fi daɗi a bakin mai ita.

Har zuwa nan na gamsu cewa zaɓar waƙar baƙin ciki ba wauta ba ce, ba kuma rashin haƙuri ba ne. Abin da ban gamsu da shi ba, har yau ma, shi ne wurin. Ɗakin karawoke na Japan yana da ƙofa. Dutsen niƙan kakata yana cikin gida, waɗanda ke jin ta nata ne. Filin makarantarmu kuwa ba shi da ƙofa: iyaye za su zo, hukumomi za su zo, ƴan kallo za su hau katanga, kuma kowane saurayi yana da kyamara a aljihu. Lulluɓin aro yana aiki ne muddin masu sauraro sun yarda su yi kamar ba su gane ba. Wannan wata irin kara ce da jama'a ke yi wa mai waƙa, kuma ba ni da ikon tilasta wa yara ɗari biyar su yi ta. In ɗaya ya nuna ta da yatsa ya ce ga mai kukan yayanta, mayafin ya faɗi, ni kuma na miƙa ta. Sannan ba ita kaɗai ke da wannan baƙin ciki ba. Akwai uwa.

Saboda haka ran Litinin ban ba ta amsa ba, na ce ta gaya wa innarta zan zo gaisuwa. Na je da maraice tare da maiɗakina, domin ba ya kyautu in shiga ni kaɗai. Bayan gaisuwa mai tsawo na faɗi abin da ya kawo ni, ina ta kewaye-kewaye, ban ambaci yaron ba. Matar tana tsince wake a faifai, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, “Mushe, waƙar nan na san ta. Kullum in ta ɗauka na yi barci, tana yin ta can bayan ɗaki, a hankali.” Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, “In kun ga ba ta saɓa ma dokar lakwal ba, ku bar ta.” Na tambaya ko za ta zo. Ta ce akwai aiki da yawa a gida.

Na sa sunan yarinyar a tsakiyar jeri, bayan wasan kwaikwayo, kafin rawar ƴan aji ɗaya, don kada a tashi da ita a baki. Na kuma gaya wa manyan ɗalibai masu kula da tsari cewa duk wanda ya ɗaga waya a lokacin a karɓe ta. Sun karɓi uku. Na san ba su ke nan ba.

Ba ta da murya ta musamman. Ta shiga kiɗan a makare, ta kuskure a baiti na biyu, lasifikar ma tana shaƙewa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ƙyam tana duban wani wuri sama da kawunanmu har ta gama. Ƴanmatan ajinsu da yawa sun ja mayafi sun rufe fuska, kuma ba zan iya gaya maka ko wanne ne kukan Ruso wanne ne na Norinaga ba. Daga bayan fili wasu samari sun yi shewa, wani dattijo ya juya ya dube su suka yi tsit. Malamin Larabci yana zaune kusa da ni da tasbaha a hannu, bai tafa ba, bai kuma tashi ba. Da aka fara kiɗan rawar yara na waiwaya wajen ƙofa, sai na hangi wata mace tsaye a waje, jikin bishiyar dogonyaro, ta yi lulluɓi har goshi, tana juyawa za ta tafi. Nisa bai bar ni na tabbatar ko ita ce ba, kuma ban tambayi yarinyar ba.

Ta ci jarrabawar BEPC a wannan shekara, tana Maraɗi yanzu wajen gwaggonta tana karatun lise. Da hutun da ya wuce na gamu da ita a tasha, ta durƙusa ta gaishe ni. Na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk lafiya lau. Har yanzu ba a ji labarin yayan ba.